Tanimu Ɗan Yaya

Shafi na 23

Daga Bushira 'yar Adar

Masu cika mani waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi, ku bar ni in huta. Kwana biyu babu wuta unguwarmu, sai shagon caji nik kai portabul ɗina. Ke kuma wadda tac ce Tanimu ya cika taurin kai, karanta wanga shafi tukun, sannan ki dawo mu yi magana.

*

Manzo, tsohon soja mai muƙamin ajidan, ya kai takardar sallamar Tanimu daga soja kusa da hancinsa, ya janye ta, ya sake kawowa. Shi ne magatakardan da ya rubuta sunayen sababbin sojoji shekarar da aka ɗauki Tanimu. Yanzu tsufa ya zaunar da shi a zaurensa nan Buza, sai kiwon tantabaru da shan shayi.

"Kapral Tanimu Yaya," ya karanta a hankali. "Awo, daga alƙalamina wanga suna ya hito."

"Alhamdu lillahi!" in ji Rahama, matar Tanimu, har da ɗaga hannuwa sama. Tun safe suka baro Madawa, laterit, hanyar nan ta jar ƙasa, ya jijjiga su, ƙafarta duk ta kumbura.

Tanimu ya jingine sandarsa da bango, ya gyara dungun ƙafar da nakiya ta bar masa.

"Mon ajidan, ba ni ɗauke maka lokaci. Sunan tsohona Abdulmajid, Allah shi jiƙanai. Haka yake ga takardar haihuwa da niy yi a meri, ofishin magajin gari, lokacin aurena. Takardar soja kuwa Yaya tac ce. Biro, can ofishin soja, sunka ce in kawo sa hannunka cewa kuskuren rubutu ne, in kai tsohuwata gaban alƙali ta shaida, sai su gyara."

"Shekara ashirin ana kiranka Tanimu Yaya ba ka damu ba. Mi ya tashe ka yanzu?"

"Ƙanena Sani."

Rahama ta karɓe zancen, don ta san idan mijinta ya fara maganar Sani muryarsa rawa take yi.

"Baba, tsohonsu ya rasu bayan Sallah. Ranar Alhamis mai gari za shi raba gona. Sani ya samu kopi ta wagga takarda, shina yawo da ita cikin aljihu, majalisa majalisa. Wai gwamnati da kanta ta rubuta cewa mai gidana ba ɗiyan Abdulmajid ba ne."

"Ba gonar ad damuwata ba," in ji Tanimu. "Ɗiyata Firdausi ta dawo daga lakwal tana kuka, yaran ajinsu sun ce mata babanta ba ya da uba. Ni da nib bar ƙafata a daji!"

Manzo ya ɗauki buta. Ya zuba shayi, ya mayar cikin buta, ya sake zubawa.

"Kuma laihina ne, na sani," Tanimu ya ci gaba, yana ɗan murmushin kunya. "Ni ne ɗan fari. Na taso ina jin ƙannen tsohona suna ce mashi Yaya, ni ma sai nib bi su, har ya rasu Yaya ni ka ce mashi. Ran nan kad daka mani tsawa, sunan uba! Ga tsoho tsaye bayana. Ta ina za ni kama sunanshi gabanshi? Sai bakina ya suɓuce nic ce Yaya. Kai kuma kaz zaci Yahaya ne, kar rubuta."

Jama'a, wannan labarin Tanimu ya ba da shi ya fi sau ɗari. A bariki ya ba da shi, a asibiti ya ba da shi, kullum dariya ake yi. Yau ne kaɗai ya ba da shi mai sauraro bai ko motsa baki ba.

Manzo ya ajiye butar.

"Kapral, ni Bahaushe ne ko Bature?"

"Bahaushe, mon ajidan."

"To kana tsammanin ban san Yaya na suna da Yaya na girma ba? Yaro nawa sunka zo gabana sunka ce Baba, sunka ce Abba, wani ma Malam? Ka ga na rubuta ma wani Tanimu Baba?"

Murmushin Tanimu ya tafi.

"Ban gane ba."

"Sa hannun ga, ba ni yin shi."

Rahama ta zabura. "Baba, don Allah! Don girman Allah! Daga Madawa munka taso!"

"Ɗiyata, ko daga Makka kunka taso. Ƙafata ɗaya na cikin kabari, ba ni rantsuwa bisa ƙarya. Ba kuskure niy yi ba."

"Mi kake nuhi?" Tanimu ya manta da mon ajidan, ya manta da komai.

Tsohon ya cire gilashinsa da aka ɗaure da zare, ya goge ido.

"Ban manta ku ba, don ban taɓa ganin irin haka ba. Da kac ce Yaya, dariya niy yi. Nic ce ka wuce wurin awo. Kana juyawa nid dubi dattijon da yar rako ka, dogo, mai tabo ga goshi."

"Shi ne," Tanimu ya ce can ƙasa.

"Nic ce, Baba, mi sunanka na yanka in rubuta? Yab bi ka da kallo, har na baya sunka fara gunaguni. Sannan yas sunkuyo yac ce mani, rubuta abin da yaron yaf faɗa. Allah ne yas sa mashi a baki."

Tantabara ɗaya ta shigo zauren, ta yi ta tsince-tsince kusa da tabarma, ba wanda ya kore ta.

"Ƙarya ne!"

"Baban Firdausi!" Rahama ta kama hannun rigarsa.

"Bar shi," in ji Manzo. "Ni ma na ja da shi. Nic ce Baba, takardar soja ba ta goguwa. Yac ce ya sani. Yac ce, aikin ga aikin mutuwa ne. In an kashe yaron ga a daji, ina so a rubuta bisa kabarinshi sunan da za a kira shi da shi gobe ƙiyama. Hawaye na zuba mashi shina faɗa. Sai nir rubuta."

Tanimu ya laluba sandarsa, ta zame ta faɗi. Rahama ta ɗauko ta miƙa masa. Ya miƙe da ƙyar, ya karɓi takardarsa, ya ninke ta ba tare da ya duba ba.

"Tsohuwarka na da rai?" Manzo ya tambaya.

"Tana nan."

"To can za ka, ba biro ba."

*

Daga Buza Tanimu da matarsa suka kama hanyar Keita. Rahama ta saya masa ruwa a tasha, ya riƙe ledar har ta yi ɗumi bai sha ba. Daga Keita suka hau kabu-kabu biyu zuwa ƙauye, suka bi ta gefen tuddan nan da aka jera wa duwatsu layi layi tun kafin ya yi wayo.

La'asar sakaliya suka shiga gida. Inna Mairamu tana zaune gindin rumbu cikin kayan takaba, tana tsince wake a faifai. Da ta ji ƙarar sanda a ƙasa ta san ko wane ne, sai ta juya gefe, ta ja mayafi.

Kun dai san halin iyayenmu da ɗan fari. Tunda Tanimu ya buɗe ido, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban tsakiyar idonsa ba. Baƙo take ce masa, shi ma sai in ya zama dole. Ranar Litinin ma ba ta faɗar sunanta, don daga ita aka samo Tanimu, sai ta ce "wanshekaren Lahadi". Ranar da aka kawo shi daga asibiti ba ƙafa, a bakin ƙofa ta tsaya tana tambayar Rahama ko ya ci abinci, sannan ta zaga bayan ɗaki ta yi kukanta. Duk garin idan ana misalin kunya, da Mairamu ake yi.

"Rahama, kun zo lahiya? Ina kunka baro yara?"

"Lahiya lau, Inna. Suna wurin maƙwabta."

"Ɗebo ma mutumen ga ruwa ga randa."

"Ba ni sha," in ji Tanimu. "Ina Sani?"

Inna ta amsa wa faifai. "Ya tahi wurin mai gari tun azahar. Wai za su duba iyakar gona."

Tanimu ya zo ya zauna a kan turmi, daf da ita. Bai taɓa zama kusa da ita haka ba. Inna ta matsa, rumbu ya tare ta.

"Inna, sau uku ina aiko maki ki zo Keita gaban alƙali. Kin ce ƙafa, kin ce takaba. Alƙali yac ce shi za shi aiko a ji bakinki nan gida, kin ce a'a. Don mi?"

"Rahama, hwaɗa mashi ni ba ni iya kama sunanshi gaban mutane. Da tsuhwana za a sa in yi abin kunya?"

"Na tambaya. An ce ko kai kika ɗaga ya isa. Za a aza maki Alƙur'ani, a ce wanga ɗiyan Abdulmajid ne? Ki ɗaga kai. Shi ke nan."

Inna ta ci gaba da tsince wakenta. Wake ɗaya ya gangaro daga faifai, kaza ta zo ta ɗauke.

"Daga Buza muke," ya ce. "Na ga wanda yar rubuta sunana."

Hannun Inna ya tsaya cik.

"Inna, wa ne Yaya?"

"Ai kai ka ce ma tsohonka haka."

"Ba shi ba. Wancan. Wanda tsoho yac ce da sunanshi za a kira ni gobe ƙiyama."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Inna ta ce, faifan ya karkace, wake ya zube a zaninta. "Ya hwaɗi haka? Malam ya hwaɗi haka? Ga wa?"

"Ga ajidan, ranar da anka ɗauke ni."

"Shekara ashirin! Shekara ashirin mutumen ga na kwana ɗaki ɗaya da ni bai gaya mani ba. Kai, Malam! Kai, Malam, ka kashe ni!"

Rahama ta ajiye ƙwaryar ruwan ta durƙusa.

"Baban Firdausi, mu bari har gobe. Inna ba ta da lahiya."

"Ba gobe. Na ga mutuwa da idona ban gudu ba. Inna, in wani abin kunya ne ya faru, in wani namiji ne kafin tsoho..."

"Rufe mani baki!"

Karo na farko ke nan da ta yi masa tsawa kai tsaye, ba ta bakin kowa ba.

"Ni Mairamu? Ban san wani namiji ba bayan Malam, Allah na gani! Abin da Sani ka yawo da shi ke nan cikin gari? Abin da kai ma ka zarge ni da shi?"

"To gaya mani! Ki hidda ni cikin duhu, Inna. Ɗiyata ba ta iya zuwa lakwal."

Inna ta sunkuyar da kai. Da ta buɗe baki, ba shi take wa magana ba, ba Rahama ba, kamar da rumbun take.

"Shekarar yunwa ce. Shekarar da anka fara aikin dutse. Garin ga ya watse, wasu Najeriya, wasu inda Allah ya kai su. Ni da Malam munka tahi can bakin tudu, inda ake jera duwatsu a ba mutum abinci. Ina da tsohon ciki ina ɗaukar dutse ga kai. Can nih haihu, cikin bukkar kara. Namiji."

"Ni ke nan," in ji Tanimu da sauri. "Kin sha ba Rahama labarin. Can anka haihe ni."

Inna ba ta kula shi ba.

"Kusa da bukkarmu akwai wani Bahillace ya sauka da matarshi, ita ma da jinjiri. Shanunshi sun mutu ɗaya bayan ɗaya, sai wata ƙwarangwal guda da ba ta ko tashi. Jaratu sunan matar. Kyakkyawa, ba ta jin Hausa sosai, in na ba ta kunu sai ta kama hannuna ta aza ga kuncinta. Mijin kuwa..."

Ta karkaɗe waken da ke zaninta.

"Mijin Yaya ake ce mashi."

Rahama ta toshe baki da mayafi.

"Zawo ya shiga sansanin. Ran Juma'a yak kama nawa. Bai kai wata biyu ba duniya. Kahin Asabar ta waye ya tahi. Malam da hannunshi ya gina mashi, gindin wani gawo, daga shi sai Yaya, don kowa ta kanshi yake. Nono ya cika mani har zazzaɓi, ina kwance ina roƙon Allah shi ɗauke ni."

"Inna, bari."

"Wanshekaren Lahadi Jaratu ta cika. Yaya ya shigo bukkarmu da jinjiri cikin tsumma, yaro ya yi kuka har murya ta ɗauke. Yad durƙusa gaban Malam. Yac ce, ku kuna da nono ba ɗa, ni ina da ɗa ba nono. Za ni Arewa in nemo dangina, in dawo. Nik karɓe shi, nis sa mashi nono, yak kama kamar zai tsinke shi."

"Na ce ki bari!"

"Bai dawo ba. Munka jira damina biyu. Mun bar garin ga da ciki, munka dawo da yaro ga baya, wa za shi tambaya? Malam yac ce mu hwaɗi gaskiya, nic ce in ya hwaɗa rijiya za ni hwaɗa. Shekara tara kahin in samu Sani. Da wanga yaro nir rayu."

Tanimu yana girgiza kai, yana dariya, irin dariyar nan da ta fi kuka ciwo.

"A'a. A'a, Inna, tsuhwa ce. Kin haɗa labarin wasu da naki. Rahama, gaya mata. Duk garin ga wa bai san ni ne ɗanta na fari ba? Wace mace ka yi ma ɗan wani kunya shekara arba'in? Ko sunan rana ba ta hwaɗi saboda ni!"

"Kunyar ita ce shaidata," in ji Inna, hawaye na bin tamojin fuskarta. "Ba ni da takarda, ba ni da alƙali. Na ce in na ɓoye sunanka, in na kauda ido gare ka, ba mai cewa ba ni nih haihe ka ba. Ka san sau nawa nis so in rungume ka? Ranar da anka kawo ka ba ƙafa, ka san abin da niy yi ma kaina bayan ɗakin can?"

"To ki ci gaba! Ki ci gaba da yi, Inna, ban hana ki ba!"

Ya zamo daga kan turmin, ya ja jiki a ƙasa da dungun ƙafarsa har ya kama gefen zaninta. Kapral guda, wanda ya kwana cikin ramuka, yana kuka kamar yaron goye.

"Baƙo kike ce mani. Na zaci baƙi anka yi ranar da anka haihe ni, ashe ni ne baƙon. Ba komi, na yarda. Ce mani Baƙo. Ce ma Rahama, hwaɗa ma mutumen ga ya tashi ya tahi gida. Sai in tashi, in ƙone takardar, kahin Alhamis ki ɗaga kai gaban alƙali. Ɗaga kai kaɗai, Inna. Don Firdausi."

"Bisa Alƙur'ani?"

"Inna..."

"Malam ya sauke nashi kaya tun ran da yar raka ka, ya bar ni da nawa. Ni ma kabarin nan za ni."

Ta saki mayafin da take kare fuska da shi. Ta juyo gaba ɗaya. Ta sa tafukanta biyu ta tallabo fuskarsa, ta dube shi tsakiyar ido, ta daɗe tana dubansa kamar mai biyan bashin kallo.

Rahama ta gane abin da za ta yi. "Inna, kar ki hwaɗa! Don Allah kar ki hwaɗa!"

"Tanimu," in ji Inna Mairamu.

Sunan ya fito a karkace, don bakin bai saba da shi ba.

"Tanimu ɗan Yaya, ɗan Jaratu. Ka gahwarce ni."

Shekara arba'in yana mafarkin ya ji sunansa a bakinta, yau ya ji.

Sai aka yi gyaran murya a bayan darni. Rahama ta waiga, ta hango hula biyu ta saman karan, ɗaya da rawani.

"Inna," muryar Sani ce, a sanyaye, har da ladabi. "Ɗan maimaita. Mai gari bai ji da kyau ba."